Lacca a Kan Ginin Ƙasa: Makarantar da Ɗan Dagacin Gando Ya Zana

 Laccar yau a kan gini ce, musamman ginin makarantu da gidajen birni, da yadda za a yi maganin zafi da ɓarnar ruwa ba tare da an kashe kuɗin da babu su ba. Maimakon a yi ta jera ƙa'idodi, za a kawo labarin wani ɗalibi guda da ginin da ya zana tun bai gama makaranta ba, gama gani ya kori ji.

Matsalar da a ke ciki

Duk hakimin da ya taɓa shiga ajin firamare da azahar a cikin watan Afrilu ya san abin da a ke nufi. Bango na bulon siminti ne, rufi na kwano ne babu silin, tagogi ƙanana, yara kuwa cike maƙil. Kwano ya kan fara shan rana tun da hantsi, kafin azahar ya zama kamar kasko, yana ta zubo zafi a kan yara. Malami na gumi, yara na gyangyaɗi. In kuwa damina ta sauka, ƙarar ruwa a kan kwano ba ta barin a ji abin da malami ke faɗa.

A birane abin ya fi tsanani. Mutane sun yi yawa, filaye sun ƙare, an sare itatuwa, an cike kududdufai an yi gidaje a kai. Saboda haka zafi ya ƙaru, ruwa kuma ya rasa hanyar wucewa sai ta cikin gidajen jama'a. Mai hali ya kan sayi fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, amma su ma ba su aiki sai da lantarki, lantarkin kuwa kuɗi ne, kuma ba kullum a ke samunsa ba. Har wa yau shi kansa siminti ba ya samuwa sai an ƙona farar ƙasa da wuta mai zafin digiri 1,450 ko kusa da haka. Masana sun ƙiyasta cewa kamar kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da 'yan Adam ke saki, watau hayaƙin da ke ɗumama duniya, daga masana'antun siminti ya ke fitowa.

Ba don wauta mutane suka guji ginin ƙasa ba. Suna da hujja. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, in an yi sakaci damina ɗaya sai ta kayar da shi. Ban da wannan, an wayi gari ana ganin mai ɗakin ƙasa talaka ne, mai bulo da kwano shi ne ya ci gaba. To, tambayar da ɗalibin nan ya yi wa kansa ita ce, ko akwai hanyar da za a sami sanyin ƙasa da arharta, a kuma kauce wa rauninta?

Ɗan dagaci ya tafi makaranta

Sunansa Diébédo Francis Kéré. An haife shi cikin shekarar 1965 a Gando, wani ƙauye a ƙasar Burkina Faso, kamar mil 125 kudu maso gabas da Wagadugu babban birnin ƙasar. Yanayin wurin bai bambanta da na ƙasar Hausa ƙwarai ba: rani mai tsawo, bazara mai zafin da ya kan wuce digiri 40, sa'an nan damina gajeruwa mai ruwa da iska. A lokacin nan Gando ba ta da makaranta, ba lantarki, ba ruwan famfo.

Mahaifinsa shi ne dagacin ƙauyen, shi kuwa shi ne babban ɗansa. Uban yana so ya sami wanda zai riƙa karanta masa wasiƙu, saboda haka da yaron ya kai shekara 7 sai ya aika da shi garin Tenkodogo. Shi ne ya fara shiga makaranta a duk ƙauyen. Ajin da ya zauna a can na bulon siminti ne, ba isasshen haske, ba hanyar iska, ga yara sun fi 100 a ciki. Wahalar da ya sha a ɗakin nan ba ta fita daga ransa ba. Ya sha ba da labari cewa duk sa'ad da hutu ya ƙare zai koma, matan ƙauyen su kan kwance bakin zane kowace ta ba shi ɗan abin da ta ɗaure. Da ya tambayi mahaifiyarsa dalili, sai ta nuna masa cewa suna zuba jari ne a kan karatunsa, da fatan wata rana ya komo ya amfane su.

Da ya tasa sai ya koyi kafinta. Cikin 1985 ya sami tallafi ya tafi Jamus domin ƙaro sanin sana'ar. Da rana yana koyon haɗa rufi da kujeru, da dare yana karatun sakandare. Cikin 1995 aka ɗauke shi a Jami'ar Fasaha ta birnin Balin, a sashen zanen gine-gine.

Yana cikin karatu ya ƙudura niyyar gina wa Gando makaranta. Cikin 1998 ya kafa wata ƙungiya tare da abokansa, wadda ma'anar sunanta ita ce tubalan makaranta domin Gando. Ya yi ta roƙon 'yan ajinsu su rage kuɗin gahawa da taba su sa a asusun. Bisa ga faɗarsa, cikin shekara biyu ya tara dala 50,000.

Jama'a sun ƙi, sa'an nan suka yarda

Da ya iso gida da kuɗin, murna wurin mutanen Gando ba a magana. Amma da suka ji da ƙasa ya ke nufin yin ginin, sai gwiwarsu ta yi sanyi. A ganinsu makaranta abin Turawa ce, da siminti a ke yinta. Sun kuma san ginin ƙasa ba ya jure damina. Suka yi ta mamaki ko abin da ya tafi Turai ya shekara da shekaru yana koyo ke nan.

A nan ne aikin ya kusa lalacewa, gama in jama'a ba su sa hannu ba kuɗin ba zai isa ba, in kuwa ginin ya faɗi, sunansa da na gidansu sun zube. Bai nuna musu takardar digiri ba, domin bai ma samu ba tukuna. Sai ya zauna da su, ya yi ta bayani, yana zane a ƙasa, yana gwadawa a gabansu. Wannan hali bai bar shi ba har bayan nan. Sa'ad da a ke ƙara ajujuwa, ya so ya yi rufin baka na tubali, sai ya fara gina samfuri, ya hau kansa shi da ma'aikatansa jama'a na kallo, domin kowa ya ga ba ya rushewa.

Da suka yarda sai aikin ya zama gayya. Yara suka tara duwatsun tushe, mata suka yi ta jido ruwa, maza suka haƙa ƙasa suka buga tubali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka gama makarantar cikin 2001.

Yadda ginin ya ke

Ya kamata malamai su lura da wannan sashe da kyau, domin a nan dabarar ta ke.

Makarantar ajujuwa 3 ce a jere, tsakanin kowane aji da na kusa da shi an bar fili mai inuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, inda yara za su zauna ko su yi wasa. Filayen nan su kan bar iska ta ratsa, su kuma hana hayaniyar wani aji shiga wani.

Tushen na dutse ne da kankare, an ɗaga shi sama da ƙasa. Ruwan da ke kwance a gindin bango shi ne ya fi kashe ginin ƙasa, gama ƙasa ta kan tsotse shi ta ruɓe daga ƙasa zuwa sama. In bango na zaune a kan dutse, wannan hanya ta toshe.

Bangon na tubalin ƙasa ne, amma ba irin wanda a ke mulmulawa da hannu ba. A kan tankaɗe ƙasa, a gauraya ta da ɗan siminti, abin da bai wuce mudu 1 cikin mudu 10 ba, a yayyafa ruwa kaɗan, sa'an nan a matse ta cikin wani injin hannu. Tubalin ya kan fito da kusurwa huɗu daidai, mai tauri, ba a kuwa gasa shi, saboda haka ba a ƙona itace ko ɗaya. Amfanin bangon ƙasa mai kauri shi ne ba ya ɗaukar zafi da sauri. Ya kan yini yana sha a hankali, kafin zafin ya ratso ciki rana ta faɗi, da dare kuma ya sake shi.

Rufin shi ne babban abin lura, domin biyu ne. Na ƙasa silin ne na tubali, an jera shi a kan rodi, an bar 'yan ƙofofi a tsakani. Na sama kwano ne, amma ba a ɗora shi a kan bango ba, an ɗaga shi sama a kan sassaƙen rodi, aka bar sarari tsakaninsa da silin. Kowa ya san iska mai zafi sama ta ke yi, kamar yadda hayaƙi ke tashi daga murhu. Saboda haka iskar da ta yi zafi a cikin aji ta kan bi ta ƙofofin silin ta fita, iskar waje ta kwashe ta daga ƙarƙashin kwano, wata sabuwa kuma ta shigo ta tagogi. Haka iska ke zagayawa yini zubur, ba fanka, ba lantarki. Zafin kwano ba ya kai wa ga yara, domin silin ya tare.

Har wa yau an bar bakin kwanon ya zarce bango da nisa ta kowane gefe, kamar malafa a kan mutum. Yana ba bango inuwa da rana, yana kuma kare shi daga dukan ruwa. Watau kwanon da ke dafa yara a wasu makarantu, a nan an mai da shi laima.

An zaɓi rodi domin katako yana da wuyar samu a ƙasar, ga gara. Ba a kuwa bukaci injin ɗaga kaya ba: da zarto da ƙaramin injin walda samarin ƙauyen suka haɗa shi a wurin. Daɓen ma irin na gargajiya ne, an buge ƙasa da maɗaɓi, aka goge ta da dutse har ta yi santsi.

Abin da ya biyo baya

Damina ta zo ta wuce, ginin bai motsa ba. Gwamnatin ƙasar ta turo malamai. Ƙauyuka biyu na maƙwabta suka tashi suka gina nasu makarantu da gayya. Cikin 2004 aka gina gidajen malamai, domin malamin da bai sami masauki mai kyau ba ba ya zama a ƙauye. Cikin 2008 aka ƙara ajujuwa, 'yan makaranta suka tashi daga 120 zuwa 700. Daga baya aka yi ɗakin karatu, inda aka yanka tukwanen ƙasa aka dasa su cikin rufi domin haske ya shigo, zafi ya fita.

Akwai wata riba kuma wadda ta shafi birane. Samarin da suka koyi buga tubali da walda da jera rufi a Gando sun sami sana'a, har ana ɗaukarsu aiki a wasu wurare. Saurayin da ke da abin yi a gida ba lalle ne ya tafi ci-rani ya ƙara cunkoso a bayan birni ba.

Cikin 2004, shekarar da ya gama jami'a, makarantar ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda a ke bayarwa bayan kowace shekara uku. Cikin 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda a ke ɗauka ita ce mafi girma a wannan fanni. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Gargaɗi

Kada wani ya fahimci cewa kowane ginin ƙasa lafiya ne. Ran 1 ga watan Satumba 2009 aka yi ruwa a Wagadugu wanda ya fi inci 10 a yini guda. Dubban gidaje suka rushe, mutane wajen 150,000 suka shiga wahala. Yawancin gidajen da suka faɗi na ɗanyen tubali ne, a unguwannin da ba a tsara ba, waɗansu a kan hanyar ruwa, ba tushen kirki. Ƙasar da aka yi makarantar Gando da wadda ta narke a Wagadugu dangi ɗaya ce. Bambancin yana wurin da aka kafa ginin, da tushensa, da rufinsa.

Dabarar ta shiga birni

Mai yiwuwa wani ya ce wannan abin ƙauye ne, ba zai yiwu a birni ba. Amsar tana Yamai. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, ta gama karatun zanen gine-gine a Jami'ar Washinton ta Amurka cikin 2013. Ita da abokan aikinta suka zana waɗansu gidaje 6 a Yamai, aka gama su cikin 2016. An yi su da irin wannan matsattsen tubali, benaye ne, kowanne da tsakar gidansa inda iyali za su sake ba mai leƙensu. Manufarsu ita ce a nuna cewa iyalai da yawa za su iya zama a fili kaɗan cikin sutura da sanyi, maimakon birni ya yi ta faɗaɗa yana cinye gonaki.

Cikin 2018 kuma aka gama wani aiki a Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa, wanda ta zana tare da wata abokiyar aikinta, Yasaman Esmaili. An gina sabon masallaci da matsattsen tubali, tsohon masallacin kuwa ba a rushe shi ba, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga maginan ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara cikin 1962, ya ci kyautar Aga Khan cikin 1986, shekara 18 kafin makarantar Gando. Maginan da suka san bakan gizo da makuba da laso da indararo sun daɗe da sanin halin ƙasa da halin ruwa. Abin da ɗalibin Gando ya ƙara shi ne awo, da injin matse tubali, da rufi mai hawa biyu. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Abin da a ke roƙon hakimai da malamai

Hakimi ba shi ke zana gini ba, amma sau da yawa shi a ke fara tambaya inda za a kafa makaranta ko asibiti ko kasuwa, shi ne kuma ke iya tara jama'a. Saboda haka ga abubuwan da ya kamata a riƙe.

Na ɗaya, wuri. A zaɓi tudu. A tambayi tsofaffi inda ruwa ya saba bi a shekarar da aka yi damina mai yawa. Kada a sa hannu a kan takardar fili a cikin kududdufi ko bakin magudana, kome matsayin mai nema.

Na biyu, fuskar gini. Dogayen bangaye masu tagogi su dubi kudu da arewa, gajerun su dubi gabas da yamma, domin ranar hantsi da ta la'asar su sami wuri kaɗan na duka. Da ya ke hadari daga gabas ya fi tasowa, bangon gabas shi ya fi bukatar kariya.

Na uku, tushe da rufi. Kada a ɗora ƙasa sai a kan dutse ko kankare wanda ya ɗago sama da ƙasa. Bakin kwano ya zarce bango sosai, a bar sarari tsakaninsa da silin. Amma lalle a ɗaure rufin da ginin tamau, gama rufin da iska ke shiga ƙarƙashinsa guguwa na iya ɗauke shi in aikin ya yi sako-sako.

Na huɗu, gwaji. Ba kowace ƙasa ke yin tubali ba. Mai laka da yawa ta kan tsage, mai yashi da yawa ta kan marmashe. A buga tubali kaɗan, a bar shi ya bushe, a jiƙa shi, a ɗora masa nauyi. Kafin a yi babban gini a fara da ɗaki ɗaya, a bar shi ya ga damina. A haɗa sarkin magina da injiniyan ƙaramar hukuma su duba tare.

Na biyar, itatuwa. A dasa darbejiya ko mangwaro tun ranar da aka haƙa tushe, a sa wanda zai riƙa ba su ruwa, a kuma yi musu shinge saboda awaki.

Na shida, wannan na malamai ne. A buɗe littafi domin kowane ginin jama'a, a rubuta abin da aka kashe, da abin da gyara ke ci kowace shekara. In an sami ma'aunin zafi, a riƙa auna ajin bulo da ajin ƙasa da ƙarfe 2 na rana a cikin bazara, a rubuta. Bayan shekara biyu ko uku, littafin nan zai raba gardama fiye da kowace lacca.

Na bakwai, ɗalibai. Ana koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da waɗansu jami'o'i da kwalejojin fasaha. Kowane ɗalibi sai ya yi zanen gwaji kafin ya gama, yawancin zane-zanen nan kuwa a cikin kabad su ke ƙarewa. In akwai ɗan gunduma da ke wannan karatu, hakimi ya kira shi lokacin hutu, ya nuna masa ajin da ya fi zafi, ko unguwar da ruwa ke ci, ya ce ya yi zanensa a kan wannan. A kuma haɗa shi da tsofaffin magina, ya koya daga gare su, su ma su ga abin da ya zo da shi.

Dagacin Gando mai karanta wasiƙa kaɗai ya nema sa'ad da ya rabu da ɗansa mai shekara 7. Abin da ya komo masa shi ne makarantar da ɗaruruwan yaran ƙauyensa suka koyi karatu a cikinta, a cikin inuwa, ba su bar gaban iyayensu ba.

Allah ya ba hakimai ikon riƙon jama'a da adalci, ya ba da damina mai albarka, ya tsare gidajen talakawa. Amin.